Babban Gwani na Zazzau da Ilimin da Ya Tsaya a Tafin Hannu

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufto a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin ana gobe abin zai faru, har ana shirin kiran injiniyoyi. Rahotanni sun yi ta nanata cewa tun shekarun 1830 aka gina masallacin, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya gina shi.

Sunansa Muhammadu Durugu, wasu ruwayoyin kuma suna kiransa Malam Mika'ilu. Laƙabinsa, Babban Gwani, shi ya shafe sunayen duka. Ya yi wannan aiki a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, tushen gidan sarautar Katsinawa.

Ba za a gane gwanintarsa ba sai an san abin da maginin Hausa ke fama da shi. Kayan aikinsa ƙasa ne da tubali da azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Azara kuwa ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. To, ta yaya za a rufe zauren da zai ɗauki sahun masallata masu yawa? Amsar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a jikin ginshiƙi, a ɗora wata ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ƙara, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Durugu ya gaji wannan dabara, ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ya ɗora tulluwa shida a kan manyan ginshiƙai, ya ƙawata ginshiƙan da zanen da aka fitar daga jikin ƙasar kanta. Babu siminti a ciki, babu rodi.

Babban Gwani kuma shugaba ne. A biranen Hausa kowace babbar sana'a tana da sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Sarkin sana'a ne ke tara ma'aikata idan za a gyara fada ko ganuwa, shi ke sasanta rigimar 'yan sana'a, ta hannunsa saƙon sarki ke isa gare su. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da cilla tubali, ya shafe shekaru kafin a bar shi ya ɗaura baka, kuma manyan magina ne ke shaidar cewa ya isa a kira shi gwani. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya, kuma a zuriyarsa sarautar magina ta zauna.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo mana ta bakin masu ba da labari. Suna cewa Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya yi masa gini, da ya kammala sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ana ba da irin wannan labari a kan manyan magina a ƙasashe da dama. Abin lura a cikinsa shi ne yadda mutane suka ɗauki ilimin gini: abu ne da ke cikin kai da hannun mutum guda, idan ya faɗi ya tafi da shi.

A daidai wannan zamani, masu sana'ar hannu a ƙasar Suwidin suna fuskantar sauyin da zai iya shafe su. A 1844 wani maƙerin agogo, Gustaf Wilhelm Linderoth, ya buɗe shagonsa a Stockholm, wanda daga baya ya shahara da agogunan hasumiya da na tashoshin jirgin ƙasa. A 1846, shekarar da mulkin Abdulkarimu ya ƙare, gwamnatin Suwidin ta soke tsohon tsarin ƙungiyoyin da ke da ikon hana mutum shiga sana'a. Masu sana'ar sai suka kafa sababbin ƙungiyoyi a garuruwansu, a 1905 kuma suka haɗe su a ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Har yanzu ana yi wa mai koyon sana'a jarrabawa a can, a ba shi takardar shaidar ƙwarewa. Tsohon tsari ya rushe, amma hanyar tantance gwani da miƙa ilimi ta sami sabon gida.

A wajenmu siminti da kwano sun shigo, sarautun sana'a suka rage a matsayin rawani da hawan salla, koyarwar kuwa ta yi ta raguwa. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin Zariya da ginin zamani. Yawancin abin da aka rubuta a kan aikin Durugu masana ne suka tattara shi daga baya: Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, wanda ya auna ginin kuma aka yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, da Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan maginan Hausa. Aikinsu ya adana siffa da awo. Sanin irin ƙasar da ta dace, da kwanakin da baka ke buƙata kafin a ƙara masa nauyi, da bambanta tsagar da yaɓe zai rufe da wadda ke nuna rufi zai faɗo, waɗannan suna hannun magina.

Irin waɗannan magina ba su ƙare ba a ƙasar Daura. A Mai'adua da ƙauyukanta akwai dattawan da suka san haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, suka san inda za a sa indararo don kada ruwan damina ya ci katanga. 'Ya'yansu kuwa bulo suke bugawa, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin nan kasuwa take. Amma tsofaffin soraye na nan a tsaye, mutane na kwana da salla a ƙarƙashinsu, kuma dole a sami mai duba su. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga majalisar masarauta da ta san sarakunan sana'arta. Idan suka haɗa hannu aka zaunar da dattawan nan gaban ɗalibai, aka naɗi bayaninsu, aka ba wanda ya koya takardar da za ta samo masa aiki, an yi abin da ba a yi wa Muhammadu Durugu ba. Dattawan dai kullum raguwa suke yi.