Zuciya da Zagayen Jini: Tarihin Saninsu da Gudummawar Zariya

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓe shi ya watsa wa sauran jiki, daga nan ya komo. A jikin babban mutum mai hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana juya jini kimanin lita 5. Wannan ko ɗan sakandare ya sani. Inda littattafai suka saɓa shi ne wanda ya fara gano hakan.

Na makaranta sukan ce William Harvey ne, likitan Ingila da ya wallafa littafinsa a 1628. Ba ƙarya suka yi ba, sun dai rage. Fiye da shekara dubu likitoci na bin Jalinus na ƙarni na 2, wanda ya ce hanta ke yin jini, kuma jinin yana tsiyaya daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan ramuka a bangon zuciya. Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, shi ya ƙaryata wannan a sharhinsa kan Al-Ƙanun na Ibn Sina: bangon ba shi da rami, ta huhu jinin ke bi. An manta da rubutun har 1924, da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da shi a Berlin. A raba gardama: ƙaramin zagaye na Ibn al-Nafis ne, cikakken zagayen jiki na Harvey. Siraran jijiyoyin da suka haɗa hanyar tafiya da ta dawowa kuwa, Malpighi ya gan su a huhun kwaɗo a 1661.

Zariya ta shiga wannan tarihi ta hanyar masu jego. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ya koma Shika a 2005, a Tudun Wada yake. A shekarun 1970 likitocinsa sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar, zuciya ta gaza. A 1978 likitoci Davidson da Parry suka fitar da rahoto kan mata 224. An ƙiyasta cutar na kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a Zariya, adadin da ya ɗara na kusan ko'ina a duniya.

Zargin likitocin ya faɗa kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjar tana da tushe a yadda jini ke zagayawa. Gishirin da ke cikin kanwa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru. Zafi kuma ya buɗe jijiyoyin fata, sai zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba ta shiga turin abin da ya fi ƙarfinta. Hotunan zuciya da Sanderson da abokan aikinsa suka bayyana a 1979 sun goyi bayan haka.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba, ko da yake masu kwafe-kwafe nan suke tsayawa. A 1992 binciken Cénac a Yamai ya sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye ya sami irin wannan a Kano, kuma binciken da ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya fi danganta cutar da rama, talauci, rashin karatu da hawan jinin ciki fiye da wankan jego. Wasu masana ma na ganin abin da aka bayyana a Zariya da wanda ake gani yanzu ba lalle cuta ɗaya ba ce.

Ko ma mene ne sanadin, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi, a kai ta asibiti ranar, kada a jira arba'in.