Gicci

gicci (sn., nj.) Tsarin shuka hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, inda layukan gero ko dawa ke ratsa kunyoyi a gicciye, da tazara mai faɗi tsakaninsu, sauran filin kuma a bar wa gyaɗa ko wake. Misali: *Bana Malam ya yi gicci a gonarsa ta jigawa.*

An fi saninsa a ƙasar Kano da Zazzau. Gero ake fara shukawa da ruwan farko, sai dawa, wake ya biyo baya. Idan aka girbe gero, rana ta buɗe wa wake, sai ya yaɗu ya rufe ƙasa, ya tsare laima, ya danne ciyawa. Saiwar wake da ta gyaɗa na da ƙananan ƙulli masu tara sinadarin naitirojin, abin da ke rage wa ƙasa gajiya. Harawarsu ta ciyar da dabbobi da rani, takin dabbobin ya koma gona. In fari ko ƙwari suka cinye amfani ɗaya, da wuya su haɗa da sauran.

An daɗe ana yi wa wannan noma kallon ci-baya, kuma ba a kyauta ba. Binciken wani masani, David Norman, a Samaru, a shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa haɗa amfani ya fi shuka iri ɗaya riba da tabbas ga ƙaramin manomi. Cikas ɗin gicci shi ne wuyar aiki da tarakta da feshin maganin ciyawa.