Maƙala

Maƙala (jam'i: maƙalu ko maƙaloli) rubutun zube ne mai matsakaicin tsayi wanda yake ɗaukar batu guda ya yi bayaninsa ko ya kafa hujja a kansa, domin mai karatu ya fahimta ko ya gamsu. Ana samun ta a jaridu da mujallu da kundayen ilimi, ana kuma gabatar da ita a tarukan ƙara wa juna sani. A makarantun sakandare ana koyar da tushenta da sunan insha'i, wanda yake cikin jarrabawar Hausa ta WAEC da ta NECO. Abin da ya bambanta ta da ƙagaggen labari shi ne an gina ta a kan abin da ya tabbata, don haka marubucinta yana da alhakin duk wani suna ko adadi ko kwanan wata da ya kawo. Ingancin maƙala ya dogara ƙwarai a kan shirin da aka yi mata kafin a fara rubutawa.

Asalin kalma

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, daga tushen da yake nufin faɗa ko furtawa. Insha'i ma daga Larabci take, ma'anarta ƙagowa ko tsarawa. A Turai ana danganta kafuwar wannan nau'in rubutu da Michel de Montaigne na ƙasar Faransa, wanda ya fara buga tarin maƙalunsa a 1580.

Tarihi a ƙasar Hausa

Kafin zuwan boko, malaman ƙasar Hausa sun fi yin zube da Larabci, ajami kuwa an fi rubuta waƙoƙi da shi. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko a 1912. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutun zube wadda ta fito da marubuta irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Maƙala ta samu gindin zama ne da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa na farko. Sharhin edita da wasiƙun masu karatu da bayanai a kan noma da lafiya da mulki sun saba wa jama'a da karanta batu guda a tsare daga farko zuwa ƙarshe. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da Hukumar Harshen Hausa a 1955. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita ƙa'idojin rubutu tsakanin ƙasashe. Daga baya Kamfanin Triumph na Kano ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, sannan jaridu irin su Aminiya suka biyo baya.

Ire-irenta

Littattafan makaranta sukan kasa insha'i zuwa na labari, na siffantawa, na bayani da na muhawara. A aikin jarida akwai rahoto da sharhi da tarihin rayuwa. Rahoto yakan bi tsarin da ake kira dala a kife, wato a fara da mafi muhimmancin bayani (wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya), sannan a gangaro zuwa ƙananan bayanai. Sharhi kuwa yakan jera hujjoji har ya kai ga matsaya.

Matakan tsarawa

Misalan da ke wannan sashe an ɗauko su ne daga kudancin Jihar Kano, wato ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Zaɓen batu da taƙaita shi. Batu mai faɗi yakan sa maƙala ta taɓa komai ba ta ƙosar da komai ba. "Noma a Kano" ya fi ƙarfin shafi biyu ko uku. Idan aka rage shi zuwa "Madatsar ruwan Tiga da noman rani", an samu iyaka. Ma'aunin da malamai sukan bayar shi ne marubuci ya iya faɗin jigonsa a jimla ɗaya, misali: madatsar Tiga ta bunƙasa noman rani a Kano, amma ta rage ruwan da ke isa fadamun da ke can ƙasa.

Sanin mai karatu. Manomin Bebeji ba ya bukatar a gaya masa inda Tiga take, amma ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi yana bukata. Sunan wuri ma yakan rikitar: akwai Tudun Wada a Zariya da Kaduna da cikin birnin Kano, saboda haka mai magana a kan ƙaramar hukumar yakan rubuta Tudun Wadar Ɗankadai a ambaton farko.

Tattara bayanai da tantance su. Nan ne mafi yawan aikin yake. Mai rubutu a kan Tiga zai nemo cewa an gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, cewa tana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, cewa ita ke shayar da gonakin shirin noman rani na Kadawa da Kura, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Zai kuma nemi bayanin fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu bayan gina madatsun ruwa a sama. Ana son a gwada kowane adadi da majiya fiye da ɗaya, a kuma raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji. Idan farashi za a kawo, kamar na masara a kasuwar Kwanar Ɗangora ta Kiru, sai a faɗi ranar da ma'aunin, buhu ne ko kwano, domin farashi yana sauyawa daga mako zuwa mako, ma'auni kuma yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Jera kanun bayani. Kafin rubutu ana jera manyan batutuwa, kowanne a layi guda, a kuma zaɓi tsarin da ya dace da su. Tarihin Alhassan Ɗantata ya dace da bin shekaru: haihuwarsa a Bebeji a 1877, fataucin goro a Gwanja, cinikin gyaɗa a Kano, rasuwarsa a 1955. Siffanta dajin Falgore, wanda ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, ya dace da bin wuri: iyakokinsa, itatuwansa, namun dajinsa, hanyar Kano zuwa Jos da ta keta shi. Muhawara a kan haƙar kuza a Riruwai kuwa ta dace da jera amfani da illa, a ba kowane ɓangare haƙƙinsa kafin a yanke hukunci. Duk bayanin da bai shiga ƙarƙashin wani kai ba, komai daɗinsa, ajiye shi ake yi.

Daftari da bita. Ana rubuta daftarin farko ba tare da tsayawa gyara kowace kalma ba, a bar shi ya huce, sannan a dawo masa. A bita ta farko ana duba tsari da hujja, a ta biyu jimloli, a ta uku ƙa'idojin rubutu. Karantawa a bayyane tana tona jimlar da ta yi tsawo ko ta karkace.

Sassan maƙala

Take yana faɗin abin da ke ciki ba tare da alkawarin abin da babu ba. Gabatarwa tana bayyana batun da dalilin da zai sa mai karatu ya damu da shi, yawanci a sakin layi ɗaya. Gundarin bayani shi ne mafi tsawo, kuma kowane sakin layi a cikinsa yana ɗauke da tunani guda da misalin da ke tallafa masa. Kalmomi irin su "sai dai", "saboda haka", "bugu da ƙari" da "a ɗaya ɓangaren" su ke nuna alaƙar wani sakin layi da wani. Kammalawa tana fito da sakamakon bayanin, ba a shigo da sabuwar hujja a cikinta.

Harshe da ƙa'idojin rubutu

Ana rubuta maƙala da Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin harshen Kano. Haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) suna sauya ma'ana: kafa daban da ƙafa, baki daban da baƙi, bari daban da ɓari. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ.

Raba kalmomi da haɗa su na daga cikin wuraren da aka fi yin kuskure. Ana haɗa gajeriyar mallaka da suna (gonarsa, gidanmu), ana raba doguwa (gona tasa). Ana raba wakilin suna da aikatau (ya gan shi, an kira ta), haka ma "ne" da "ce" (manomi ne, kasuwa ce). "Yana", "tana" da "suna" kuwa a haɗe suke.

Wata matsalar ita ce ɗauko ginin jimlar wani harshe kalma da kalma, musamman ga masu tattara bayanai daga Ingilishi ko Faransanci. Daga nan ake samun "a ƙarshen rana" a maimakon "daga ƙarshe", ko "an gina madatsar ta hannun gwamnati" a maimakon "gwamnati ce ta gina madatsar". Karin magana yana ƙara wa maƙala armashi idan ya zo a muhallinsa, amma ba ya zama madadin hujja. Domin tantance kalma, marubuta sukan koma ga ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Haƙƙin mai karatu da na majiya

Kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, kuma a jami'o'i laifi ne da ake hukunta ɗalibi a kansa. Ana sanya maganar da aka ɗauko kai tsaye cikin alamar zance, a faɗi mai ita. Zargin wani mutum ko hukuma ba tare da shaida ba yana iya zama ɓata suna a gaban shari'a, don haka editoci sukan nemi a ji ta bakin wanda ake zargi kafin a buga. Idan kuskure ya fita, al'adar aikin jarida ita ce a gyara shi a fili a fitowa ta gaba.