Jerry Yang: Mai Addu'a A Teburin Karta

Mu marubuta mun saba ƙirƙiro jarumi marar tsoro, amma ban taɓa ƙirƙiro irin Jerry Yang ba. Ɗan ƙabilar Hmong ne daga ƙasar Laos. Yaƙi ya kora su sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, inda ya shekara 4, ya rasa 'yan uwansa 2, kafin su isa Amurka a 1979.

A watan Yulin 2007 ya shiga babbar gasar duniya ta kartar foka a Las Vegas, cikin mutum 6,358. Da dala 225 kacal ya sami gurbi.

Ita wannan karta, mai karatu, tsoron asara ke kayar da gwani. Sai ya yar da kati mai kyau don kawai abokin wasa ya yi masa barazana da tulin kuɗi. Shi kuwa Yang, Kirista ne, a fili ya riƙa addu'a a teburin ƙarshe, yana zubi ba ɗar. Ya fara a matsayin na 8 cikin 9, ya fitar da mutum 7 da kansa, ya lashe dala miliyan 8.25, ya yi alkawarin ba ƙungiyoyin agaji kashi 10 cikin 100.

Ba yabon caca nake yi ba. Duniya rawar 'yan mata ce: a 2013 hukumar harajin Amurka ta yi gwanjon awarwaron nasararsa saboda bashi. A ganina dai, wanda ya ga mutuwa tun yana yaro, ya kuma miƙa lamarinsa ga Ubangiji, asarar kuɗi ba ta firgita shi.