Yawan ɓari da ƙwayoyin halittar hanji

Likitoci na kiran matsala yawan ɓari idan ciki ya zube wa mace sau biyu ko uku kafin ya kai wata shida. Tana shafar mace 1 zuwa 2 cikin 100, kuma a kusan rabinsu gwaji ba ya nuna dalili.

Wannan ya sa masu bincike suka karkata ga bakteriyar da ke zaune a hanjin kowane mutum, mai taimakawa wajen narkar da abinci da daidaita garkuwar jiki. Ana nazarin ko rikicewarta na haddasa kumburin da ke hana ciki zama a mahaifa. Har yanzu ba a tabbatar da wani maganin hanji da ke hana ɓari ba.

Abin da ya tabbata shi ne haɗarin bakteriyar da ke shiga ta abinci. Listeriya da buruselosis, da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, suna iya zubar da ciki.

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu a Sudan, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar, akwai kuma zazzaɓin cizon sauro da magudanan noman rani ke ƙarawa, sannan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya durƙusar da asibitoci har a Wad Madani.

Shawarar ma'aikatan lafiya: a tafasa madara kafin a yi nono, mai ciki ta kwana cikin gidan sauro, kuma bayan ɓari na biyu ta nemi gwajin jini.