Yadda ake gane amfilifaya mai kyau a kasuwannin Khartoum da Omdurman

Amfilifaya ita ce na'urar da ke karɓar sauti mai rauni daga rediyo, kaset, garmaho ko waya, ta ƙara masa ƙarfi har ya motsa lasifika. Wadda ake kira haɗaɗɗiya akwati ɗaya ne da ya ƙunshi sassa biyu: na zaɓen sauti da daidaita murya, da na ba da ƙarfi. Ita aka fi samu a gidaje, don ta fi araha kuma ba ta cin wuri.

Sauraron waƙa a gida tsohuwar al'ada ce a babban birnin Sudan. An buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940, kuma a 1942 A'isha Fallatiya, wadda ke da asalin Hausa, ta fara waƙa a cikinsa. Ana lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta yi hakan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa an wawushe gidaje da dama, saboda haka masu komawa gida kan nemi kayan da aka taɓa amfani da su. Mai saye ya tambayi asalin kaya, domin kayan sata sun shiga kasuwanni.

Abu na farko da ke yaudarar mutane shi ne lambar wat. Kwali kan ɗauki "PMPO 2000W", alhali na'urar ba ta iya ba da wat 20 na haƙiƙa. Lambar da za a duba ita ce ta RMS, a kowane ɓangare, a kan om 8. Ko ita ma kada a ɗauke ta da zafi: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji murya ta ninka. NAD 3020 da aka fitar a 1978 wat 20 ce kawai a kowane ɓangare, amma tana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin kayan sauti. A falo madaidaici, wat 40 zuwa 60 sun wadatar. Idan lasifikarka ta om 4 ce, duba bayan akwatin ka tabbatar an rubuta tana ɗauka, in ba haka ba za ta yi zafi ta mutu.

Sauran aikin na kunne ne. Je da waƙar da ka sani sarai, kada ka dogara da wadda mai shago ya kunna. Kiɗan Sudan ya dace da gwaji: a waƙoƙin Mohammed Wardi ko Abdel Karim al-Kabli akwai goge da yawa, da garayar Larabawa da ake kira ud, da murya a tsakiya. Amfilifaya mai kyau tana bari a ji kowanne daban. Maras kyau takan sa goge ya riƙa sukar kunne, ganga kuma ta koma gunji. Idan ana kwatanta biyu, a yi da lasifika ɗaya, a kuma daidaita ƙarfin murya, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke cewa ta fi daɗi. Masu shago sun san wannan. Daga nan a tsayar da waƙa, a ƙara murya, a saurara. Gurnani alama ce ta kafasitocin da suka bushe. Ƙarar ƙas-ƙas yayin murɗa maɓalli yawanci ƙura ce, gyaranta ba wuya.

Wutar Sudan bolt 230 ce. Tsofaffin Sansui, Pioneer da Marantz na shekarun 1970 suna da ƙarko, sai dai wadda aka yi wa kasuwar Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ce. Zafin Khartoum kan wuce digiri 40 a watan Mayu, ga ƙurar habub. Duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasito, don haka a bar mata sarari ta sha iska, a rufe ta da kyalle bayan an kashe. Ga mai amfani da sola da batir, ajin D ya fi dacewa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha lasifika take miƙa wa, saɓanin ajin AB da ke ɓarnar wuta mai yawa a zafi.

Mai tsofaffin faya-fayai ya nemi mai ramin "phono". Wajen kuɗi kuwa, a lissafa da na sitabilaiza da na mai gyara kafin a yi ciniki. Tsohuwar da ake samun kayan gyaranta a Omdurman ta fi sabuwar da in ta lalace sai an aika Alƙahira.