Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara

Yau ba zancen kishiya na zo miki da shi ba, ba kuma na girki ko adon ɗaki ba. Labarin wata hanya na kawo miki, wadda na bi da ƙafafuwana a kan keke, a ƙasar da ke nesa da mu ƙwarai. Na san za ki ce, mace da keke? To, ki yi haƙuri ki ji ni zuwa ƙarshe.

Ni dai na tashi a gidan da keke na maza ne. Mahaifinmu yana da baƙin keke ƙirar Raleigh, yana goge shi kullum da safe, yayyena maza kuma suna satar hawa idan ya yi barcin rana. Ni ko ƙararrawarsa na taɓa sai an daka mini tsawa. Sai da na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, aiki ya kai maigida birnin Biyana na ƙasar Ostiriya muka bi shi, sannan na fara ɗora ƙafa a kan feda. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta koya mini a bayan gida, tana riƙe da sirdin ina ta salati. Na faɗi ya fi a ƙirga. Da damina ta zagayo, wato lokacin zafinsu, maigida ya ce tunda na iya, sai mu bi hanyar bakin kogi. Na ce wace hanya? Ya ce wadda babu mota.

Kogin sunansa Danub. Daga wani daji a kudancin Jamus yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita wajen 2,850, ya taɓa ƙasashe 10, kafin ya zuba a Baƙin Teku. Mu jirgin ƙasa muka shiga da kekunanmu zuwa garin Passau da ke kan iyakar Jamus da Ostiriya, daga nan muka juyo muna bin ruwan zuwa Biyana. Tsakaninsu kilomita 320 ne da 'yan kai. Kwana shida muka yi, kullum kilomita 50 ko 60, mu kwana a ƙananan masaukai na ƙauye.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Hanya ce 'yar siririya mai kwalta, a shimfiɗe kamar faifai, kogi a hannu ɗaya, gonaki ko dutse a ɗaya hannun. A mafi yawan tsawonta babu mota, babu hayaƙi, babu mai yi miki oda a baya. Sai ƙarar sarƙa da kukan tsuntsayen ruwa. Na ga tsofaffi masu furfura, na ga uwa tana jan jaririnta a ɗan keken da aka ɗaura a bayan nata. A raina na ce, lalle gwamnatin nan ta iya tausayin masu keke da ta zauna ta fitar musu da hanya tasu. Ashe ban san komai ba. Ba don keke aka fara yin hanyar nan ba. Don dawaki aka yi ta, kuma da gumin talakawa.

Bari in koma da ke baya. Kafin a san inji, kogin nan shi ne babbar hanyar fatauci. Garin Passau, inda koguna uku suke haɗuwa, wato Danub da Inn da Ilz, da gishiri ya yi arziki. Ana haƙo gishirin a duwatsun kudu, a sauko da shi ta kogin Inn, a sauke a Passau. Daga nan wani a ɗora wa dawaki su ratsa daji da shi zuwa ƙasar Bohemiya, wani kuma ya bi ruwa. Da na ji haka sai na tuna ayarin raƙuman Buzaye masu kawo kantun gishiri daga Bilma zuwa ƙasar Hausa. Ashe ko'ina a duniya gishiri ya tayar da madugu daga barci.

Gangarawa da jirgi ba wuya, ruwa ne ke yin aikin. Har akwai jiragen katako da ake ƙerawa don tafiya ɗaya tak: idan sun isa Biyana sai a wargaza su, a sayar da katakon, matuƙan su koma gida a ƙasa. Amma hatsi da ruwan inabi da sauran kayan gabas fa, ta yaya za su hau sama, alhali ruwa yana turo su ƙasa? Sai da ja. Ana haɗa jirage uku ko huɗu, a ɗaura musu igiya mai kauri kamar damtsen ƙato, a jera dawaki gommai a bakin gaɓa, bibbiyu bibbiyu, su yi ta ja. Tafiyar da ruwa ke gangarar da mutum cikin 'yan kwanaki, a hawa sai a share makonni. Inda dutse ya tare gaɓa, sai a loda dawakin cikin jirgin fito a haye da su ɗaya gefen, a sake ɗaura igiya. Idan igiya ta fizge, doki da mahayinsa ruwa suke faɗawa. Wannan turbar da kofato ya daddaɓe ɗaruruwan shekaru, wadda suke kira Treppelweg da Jamusanci, ita ce nake bi ina shan iska.

Kin ga dalilin da ya sa hanyar take a shimfiɗe? Doki mai jan jirgi ba ya iya hawan tudu. Kin ga dalilin da ya sa take manne da ruwa? Igiya ba ta da tsawon da za ta kai cikin gari. Wahalar dokin nan ita ta zama sauƙina.

Sannan zamani ya juya. A shekarar 1829 aka kafa kamfanin jiragen ruwa masu aiki da tururi a Biyana, kuma a 1837 jirgin tururi na farko ya hau daga Biyana zuwa Linz ba tare da doki ko ɗaya ba. A 1858 jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu. Kafin ƙarnin ya ƙare sana'ar jan jirgi ta mutu murus. Ki auna a ranki gidaje nawa ne tukunyarsu ta daina tafasa: masu dawaki, masu tufka igiya, maƙera, masu sayar da ciyawa, da matan da ke dafa wa ayari abinci a kowane zango. Turbar kuwa aka bar ta. Masu mota da suka zo daga baya ba su waiwaye ta ba, don ta yi musu ƙanƙanta, suka fitar da manyan titunansu daban.

Shi kuwa keke a lokacin yana rarrafe. A 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya ƙera na farko, na katako, ba feda, da ƙafa ake tura shi. Irin wanda muka sani yau, mai taya biyu daidai wa daida da sarƙa, a Ingila ya fito a 1885, tayar da ake hura wa iska kuma ta biyo baya a 1888. Ko a can sai da aka sha surutu kafin a bar mata su hau. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, na ce ashe ba a kaina farau ba. A ƙarni na 20 aka gina madatsun ruwa na lantarki a kan kogin, aka ɗaga gaɓarsa, aka gyara turbar don ma'aikatan da ke kula da ruwa. Sai a shekarun 1980 aka farga cewa ga hanya nan a kwance ba mai bi, aka sa mata alamomi, aka buɗe ta ga masu keke. Yanzu ƙauyukan da jan jirgi ya gudu ya bari suna cin abinci da baƙin da ke zuwa a kan taya biyu.

Mai keke yana ganin abin da mai mota ba ya gani, don shi a hankali yake wucewa. A Passau na tsaya gaban bangon ofishin hukumar gari, inda suke zana layi a shekarun da kogi ya yi babbar ambaliya. Layin 1501 da na 2013 suna can sama, ko na ɗaga hannu ban kai rabinsu ba. A Schlögen kogin ya ci karo da dutse ya yi kwana, ya juyo kamar zai koma inda ya fito, dole muka shiga ɗan jirgin fito da kekunanmu. Kusa da garin Grein kuma aka nuna mana inda da can ruwa ke juyi a kan duwatsu yana haɗiye jirage. Tun zamanin Sarauniya Mariya Tereza a ƙarni na 18 ake fasa duwatsun, amma ruwan bai kwanta sosai ba sai da aka gama madatsar Ybbs a 1959. Ranar da muka wuce, lumui yake kamar man gyaɗa a kwano.

Akwai kuma inda dariyata ta ɗauke. Bayan Linz kaɗan akwai garin Mauthausen, kyakkyawa a bakin ruwa, da furanni a tagogi. A kan tudun da ke bayansa gwamnatin Hitila ta kafa sansanin azaba daga 1938 zuwa 1945. Mutane wajen 190,000 aka tsare a can da rassansa, aƙalla 90,000 suka mutu. Ana sa su ɗauko dutse daga ramin haƙa, su hau matakala 186, ga yunwa ga duka. Sojan Amurka ne suka buɗe ƙofar wurin a watan Mayu na 1945. Mun tura kekunanmu muka hau tudun. Da muka sauko ban iya cin abincin dare ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a shekarun nan ma akwai mata a garin da ke hura wuta, suna shanya, suna yi wa yara wanka, hayaƙi yana tashi a kan tudu. Na tambayi kaina, da ni ce a tagar nan, me zan yi? Har yau ban ba kaina amsar da ta gamsar da ni ba.

Kwana na biyar muka shiga kwarin Wachau, mai tsawon kilomita 36 tsakanin Melk da Krems, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A Melk akwai ƙaton gidan ibadar Kirista a kan dutse, wanda aka kafa a 1089, aka sake gina shi a farkon ƙarni na 18. Daga nan sai gonakin inabi hawa hawa a jikin tudu, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera da hannu, da kuma itatuwan wani ɗan itace mai launin ruwan goro da suke kira Marille, wanda mata ke dafawa da sukari su zuba a kwalabe su sayar a ƙofar gida. A nan hanya takan ratsa cikin ƙauyuka, ta lunguna masu daɓen dutse, don haka sai an kula da 'yan motocin mutanen gari.

A ƙauyen Dürnstein ne tarihinsu ya taɓo wanda muka sani. Kin tuna Salahuddin Ayyubi? Sarkin Ingila da ya yaƙe shi a ƙasar Falasɗinu, Richard, wanda ake wa kirari da mai zuciyar zaki, yana hanyar komawa gida a ƙarshen 1192 sai sarkin Ostiriya Leopold, wanda suka ɓata da shi a wurin yaƙin, ya kama shi kusa da Biyana. A ganuwar da ke kan dutsen Dürnstein aka fara tsare shi, kuma bai ga 'yanci ba sai a 1194, bayan an tatsi mutanen Ingila azurfa mai ɗimbin yawa kuɗin fansa. Ganuwar yanzu kufai ce, ƙadangaru ke shan rana a ciki. Amma katangun gonar da manoman da ba a san sunansu ba suka jera, suna nan suna riƙe da ƙasa.

Wannan shi ne abin da na tsinta a tafiyar. Littattafai sun riƙe sunan Richard da Leopold. Ba wanda ya riƙe sunan yaron da ke gaban dawaki yana gwada zurfin ruwa da sanda, ko matar da ta tashi tun duhu ta dafa masa guzuri. Amma a kan aikinsu muke tafiya, ba a kan takobin sarakuna ba. Ke da ke share tsakar gida ɗaya kullum, ki wanke kwanukan da za a sake ɓatawa anjima, na san wani lokaci zuciya takan ce miki aikin banza ne. Haka kofaton dokin nan ya yi ta sauka wuri ɗaya, ba wanda ya yaba masa. Yau jikokin jikoki ne ke morar santsin wurin.

Ranar ta shida da la'asar muka shiga Biyana, cinyoyina kamar ba nawa ba, gyalena ya yi futu futu da ƙura. Tsohuwar maƙwabciyata tana taga. Da ta hango ni sai ta fara tafi, ni kuma kunya ta kama ni na rufe fuska. Da muka dawo gida Kano na sayi ƙaramin keke na ba 'yar autata, ni da kaina na riƙe mata sirdi a tsakar gida. Mahaifina, da tsufa ya kama shi, yana zaune a kan tabarma yana kallonmu. Can sai na ji ya ce, "Ki sake ta mana, ai ta iya."

Na sake ta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ki huta lafiya.